Na Isa Agege Ina Ƙamshin Amare

Kayana na kaina ba su cika rabin akwatin ba. Farar gezna ce da na ɗinka takanas saboda ɗaurin auren, babbar riga da 'yar ciki da wando, sai kaftani biyu na zaman gida, hula, takalmi, tawul, da 'yar jakar burushi da makilin. Sauran duk saƙo ne. A danginmu mutum ba ya cewa zai je Ikko, wato Legas, kuma ya tafi yana lilo da hannuwa. Ranar Litinin na shaida wa uwargida na yanki tikiti, kafin la'asar ɗin Talata yara sun fara sallama da ƙulle-ƙulle. Gwaggonmu ta Gwammaja ta aiko da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai ta can ba ta yin miya. Ƙanwata ta aiko da kilishi naɗe a takarda. Uwargida kuwa ita ta ɗauki nauyin kayan gyaran amarya: dilka, lalle, turaren wuta, man kaɗanya, man kwakwa, da humra kwalba biyu da wata Babarbariya maƙwabciyarmu ta kwashe makonni tana haɗawa.

Amaryar 'yar yayana ce. Shi Yaya ya haura shekara 30 a Agege yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba, ni ne kuma baffan da zai ba da auren. Ba tafiyar da ake aika wakili ba ce.

Bari in fara da laifina, tunda daga baya na ɗora shi a kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Humrar ta zo cikin ƙananan kwalabe, kowacce cike har wuya. Na ɗaga su na juya, na ce waɗannan fashewa za su yi a hanya. Na sa aka wanke gorar ruwa ta roba aka shanya, na juye duka biyun a ciki, suka ɗan wuce rabinta kaɗan. Na murɗa murfin har tafin hannuna ya yi ja, na kifa ta na girgiza, ko ɗigo. Uwargida tana tsaye tana kallon ikon Allah, ta ce, "Malam, ni dai ka riƙe ta a hannu, a tsaye. Ka san kuɗin da ta ci." Na ce ta kwantar da hankalinta, ba yau na fara shiga jirgi ba. Karo na uku ke nan a rayuwata, amma wannan ban faɗa ba.

Da mota na saba zuwa. Tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, a wuce Zariya da Kaduna, a tsallake kogin Kwara a gadar Jebba, a bi Ilori da Badun, kwana a zaune, shinge bayan shinge, kowane shinge da fitilar da za a haska maka ido. Zuwana na ƙarshe sai da na yi kwana biyu ban miƙe sosai ba. Wannan karon Yaya ya ce in hau jirgi, shi zai biya rabi. Tikitin zuwa kaɗai ya haura naira dubu 100, kuɗin da in na tuna albashin malamin makaranta sai in yi shiru.

Alhamis da safe na isa filin jirgi na Malam Aminu Kano, hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, man kwakwar da ke ledar hannuna ya daskare kamar kitse. A wajen awon kaya ma'aikaciyar ta dubi baƙar ledar da nake rungume da ita kamar jariri, ta tambayi abin da ke ciki. Na ce turare ne da mai. Ta ce ba za su wuce wajen bincike ba, abu mai ruwa da ya haura mililita 100 ba ya shiga jirgi a hannun mutum, sai dai a akwati. Dokar ba tata ba ce, ba ma ta Najeriya kaɗai ba ce. Tun 2006 aka kafa ta, lokacin da aka bankaɗo wani shiri a Ingila na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa da aka ɓoye a gorunan lemo. Ni dai a lokacin ba tarihi ne a gabana ba, layi ne a bayana, mutane sun fara tsaki. Na durƙusa na zuge akwatin, na cusa ledar inda na ga sarari. Sararin kuwa saman babbar rigata ne. Gorar humra a kwance, robar man kwakwa a kwance, da nawa man shafawar mai famfo a ka, wanda hunturu ya riga ya cinye rabinsa, shi ma a kwance. Na danna da gwiwa na zuge, na biya kuɗin ƙarin kilo 2, aka liƙa masa takarda ya tafi.

Jirgin ƙarfe 10 bai tashi ba sai wajen ƙarfe 3, hazo ya hana, ba laifin kowa. Muka yi azahar a nan, rana ta buɗe, akwatina yana can wani wuri yana shan ta.

Kusa da ni wata dattijuwa ce, hawanta na farko ke nan, carbi a hannu tun kafin a rufe ƙofa. Da muka lula sama aka raba ruwa da ɗan cincin a leda. Ta taɓa ni ta ce, "Ɗana, dubi wannan, lafiya kuwa?" Ledar cincin ɗin ta kumbura tam kamar an hura ta. Na yi dariya na ce ba komai, Hajiya, haka yake yi. Da aka fara sauka kunnena ya toshe, wani jariri a baya ya tsala kuka, gorar ruwan da na sha rabi na rufe ta lotsa da kanta, har ta yi ƙara. Duk na gani. Na ma nuna wa dattijuwar. Ko sau ɗaya hankalina bai gangara ƙarƙashin ƙafafuna ba, inda akwatina yake.

Awa ɗaya da rabi muka sauka. Abin da ke ba ni sha'awa kullum shi ne ka tashi daga filin da ke ɗauke da sunan Bakano ka sauka a filin da ke ɗauke da sunan wani Bakanon, Janar Murtala Muhammed, wanda a garin nan aka kashe shi a 1976. Ana buɗe ƙofa iskar Legas ta tare ni kamar an rufa mini jiƙaƙƙen bargo. A Kano da safe da suwaita na fito, nan kuwa kafin in kai inda ake ɗaukar kaya gumi ya jiƙa mini baya.

A nan na fara jin ƙamshin. Humra ce, ta ainihi, mai nauyi, irin wadda in ta shiga ɗaki ba ta fita sai bayan kwana uku. Na waiga ina neman amaryar da ke cikin fasinjoji. Wata Bayarabiya da ke gefena ta ɗaga hanci ita ma tana waige-waige. Sai ga akwatina ya zagayo, da wani duhu-duhu a kusurwar zif. Na taɓa, yatsana ya yi maiƙo. Gwiwata ta yi sanyi, amma na ce da kaina ɗan tsiyaye ne, ba zan buɗe kayan mata a bainar jama'a ba.

Ƙanen amarya ne ya zo tarbata. A Agege aka haife shi, ya yi cinikin tasi da direba cikin Yarbanci, ya juyo ya ce mini, "Baffa, sannu da hanya," da wata Hausa mai kama da tamu amma ba ita ba. Daga filin jirgi zuwa gida bai kai kilomita 10 ba, muka yi fiye da awa ɗaya a gosulo, ta Ikeja da Mangoro, motocin danfo masu ruwan ɗorawa suna kutsawa ta ko'ina, kwandasta rataye a ƙofa yana kiran unguwanni. Jan jirgin ƙasan nan da jihar ta fara a 2024 ya zo ya wuce mu muna tsaye. Direban ya sauke gilasai duka huɗu, ya faɗi wata magana, yaron ya ƙyalƙyale. Na ce me ya ce? "Wai ko turare kake sayarwa, Baffa."

Agege ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Goro ne ya kawo kakannin wasu, goro da layin dogon da ya isa Kano a 1911, suka kafa zango, suka yi sarki, suka gina masallatai. Ka shiga wasu lungunan sai ka rantse Fagge kake, mai shayi, mai tsire, mai yankan farce, almajirai da allo, sai ka ɗaga kai ka ga gadar Pen Cinema ka tuna inda kake.

Gidan cike yake da mata, ana ta hidima. Bayan gaisuwa da sallar magariba matar Yaya ta ce a kawo akwatin ɗakinta a fitar da saƙo. Ni ƙanin miji ne, tsakaninmu da wasa tun tana amarya, don haka tun kafin a buɗe ta fara: "Malam, wannan ƙamshi haka, ko kai ma auren ka zo nema?" Na zuge zif.

Shiru ɗakin ya yi. Baƙar ledar tana iyo. Gorar humra tana nan lafiya lau, ba ta fashe ba, murfinta yana kai, sai dai abin da ya rage a ciki bai wuce yatsa biyu ba. Man kwakwar da ya baro Kano a daskare ya narke ya zama ruwa, ya bi ta bakin robar ya fita. Nawa man shafawar kuwa kamar wani ya zauna yana danna famfon tun daga sararin Kaduna, ya yi fari-fari a kan komai. Ukun suka haɗu suka sami ƙofa a ƙullin ledar, suka sauka a kan babbar riga, daidai kan aikin wuya. Na ɗaga ta. Wani tabo ruwan ƙasa, faɗin faranti, ya ratsa ninki huɗu, kowane ninki da nasa hoton, na ƙasa ya fi na sama ƙanƙanta. Hula ta sha. Tawul ya sha har yana ɗiga. Takardar kilishi ta zama kamar gilashi, ana hango naman.

Abin da ya tsira shi ne kayan Gwaggo. Tsohuwar da ko motar Kaduna ba ta son shiga, ita ce ta matse kowace leda ta fitar da iska, ta ƙulle, ta sake sakawa a wata ta ƙulle. Kukarta ko ƙamshi ba ta ɗauka ba.

Matar Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi. Humrar amarya ce a jikin rigar baffa?" Sai kuma dariya ta ƙwace mata, 'yan matan da ke bakin ƙofa suka taya ta. Ni ban ga abin dariya ba. Na fizgi rigar na nufi famfo na shiga goga mata ruwa, tabon ya ƙara faɗi ya yi gefe-gefe kamar taswirar tafkin Chadi. Kafin in yanke shawarar yadda zan shaida wa uwargida, ashe an riga ni. Wayata ta yi ƙara. Ba faɗa, ba dogon zance. "Malam, a tsaye na ce." Ta kashe.

Bayan isha muka zauna a ƙofar gida kan tabarmi, Yaya da abokansa 'yan mayanka da maƙwabta. Raina a ɓace, na buɗe baki na shiga zuba. Na ce masu lodin kaya a filin jirgi ba su da imani, jifa suke da kayan mutane kamar buhun albasa, wata ƙila ma buɗewa suka yi suka murɗe murfin. Na ce gobe sai na koma na shigar da ƙara. Wasu na gyaɗa kai, wani ya kawo nasa labarin. Can gefen tabarma wani saurayi, ɗan maƙwabcin Yaya, ya yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni. Ni ma lodin kaya nake yi a filin jirgi. Shekarata 6."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ba zan ce ba a jifa da kaya ba," in ji yaron. "Ana yi. Jirgi na jira, akwatuna sun fi ɗari, mu kaɗan. Amma in jifa ne akwatin ne ke nunawa, taya ta karye ko hannu ya cire ko kwalba ta fashe. Gorar ta fashe?" Na ce a'a. "Murfin yana kai?" Yana kai. "A cike take ko rabi?" Na ce rabi da ɗan wani abu. Ya ce, "To, Baba, ɓarawon tun daga gida ka rufe shi a ciki. Iska ce."

Ya ɗauki wata gorar da aka sha aka bari, ya kwantar da ita a tafin hannunsa yadda ruwan ya taru a bakin murfi. Ya ce in jirgi ya hau, iskar cikinsa tana raguwa, ita kuwa wadda aka rufe a gora tana nan da ƙarfinta na ƙasa, sai ta nemi hanyar fita. In gorar a tsaye take, iskar ce a bakin murfi, ta sulale ta fita ba wanda ya sani. In a kwance take, ruwan ne a bakin, shi za ta tura gaba. Ga humra da maiƙo, ta shiga zaren murfin ta sa shi santsi, ga kaya an danne a kai, ga girgiza. Ya ce kullum suna gani, wani akwatin shamfu, wani zuma, wani manja, har ya ɓata na mutanen da ke ƙarƙashinsa. Mutane kuma suna zaton ɗakin kaya ba shi da iska ne, alhali iri ɗaya ce da ta wajen fasinja, har dabbobi ake sakawa a can su sauka da ransu.

Abin kunyar da ban faɗa a tabarmar ba sai da Yaya ya tona: labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare. Kowace shekara ina tsayawa gaban allo in rubuta cewa nauyin iska yana raguwa gwargwadon hawa sama. Jirgi yana tafiya a wajen mita 10,000 ko fiye, inda mutum ba zai rayu ba sai an matsa iska a cikin jirgin, amma ba a matsa ta har ta kai ta ƙasa. Ana barin ta daidai da ta wurin da ke tsakanin mita 1,800 zuwa 2,400. Jos da muke cewa tudu wajen mita 1,200 ce. Wato kamar an ɗauki akwatinka cikin 'yan mintoci an ɗora shi kusa da ƙololuwar Chappal Waddi a Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. A can nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, iskar da ke rufe a gora tana son ta ƙara girma da wajen sulusi. Gorar da ke cike har wuya ba ta da iskar da za ta kumbura sai 'yar kaɗan. Tawa kusan rabinta iska ce. Kwalaben Babarbariya da na raina su ne daidai. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Ledar cincin ɗin dattijuwa, toshewar kunnena, kukan jariri, duk darasina ne na aji, ban gane shi ba da ya cire rigar makaranta.

Yaya ya ce, "Laifi tudu ne." Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba. Na ba yaron haƙuri a gaban kowa. Ya ce ba komai, sun saba, sannan ya ƙara da cewa in yi hattara da komawa, don ta fi zuwa haɗari. Wannan kam na gane tun kafin ya bayyana: Ikeja wajen mita 40 take daga teku, Kano kuwa ta kusa 500, gorar da aka rufe a Legas ta fi ɗaukar iska mai nauyi.

Daren nan aka kai ni wajen mai wanki da guga, wani dattijo mutumin Tawa ta Nijar, a wani ɗan shago bayan masallaci. Ya shimfiɗa rigar ƙarƙashin fitila, ya shinshina, ya dube ni. "Ka sa mata ruwa." Na amsa laifi na biyu a dare ɗaya. Ya ce mai da ruwa ba sa shiri, da na kawo ta a yadda take. Ya barbaɗa garin sitaci a kan tabon ya bar shi ya sha, ya karkaɗe, ya ɗora takarda ya bi da dutsen guga mai ɗumi, takardar ta yi duhu, ya sake wata, ya sake wata. Sannan ya ɗiga sabulun wanke kwanuka yana murzawa a hankali da ɗan yatsa. Na zauna ina kallonsa kusan awa guda. A ƙarshe ya ce, "Malam, man zai fita. Launin humra kuwa itace ne aka daka a ciki, ya kama zare. Kuma ko ta fita ba za ta bushe kafin Juma'a ba, nan ba Kano ba ne." Gaskiyarsa. A gida cikin hunturu ka shanya riga ka shiga wanka ka fito ta bushe ƙayau. A Legas tawul ɗin da na wanke da dare har azahar yana da danshi. Ga shi gezna in ta sha wanki sai an kai ta bugu kafin ƙyallinta ya dawo. Naira 3,000 ya karɓa, bai yi mini alkawarin ƙarya ba.

Da rigar Yaya na ba da aure. Ya fi ni tsawo da kauri, na riƙa tattare ta ina saɓawa a kafaɗa kamar yaron da aka sa wa kayan sallar baɗi. Hularsa ba ta zauna mini ba, dole na sa tawa, wadda ta kwana tana shan humra. A sahun Juma'a wani tsoho da ke damana ya yi ta satar kallona, da aka sallame ya miƙo hannu ya ce, "Malam, kai ne angon?" Na ce baffan amarya ne. Ya ce, "To, Allah ya sanya alheri," da muryar wanda bai gamsu ba. Wakilin ango ya nema, na bayar, aka ambaci sadaki, liman ya ɗaura, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya. Maƙwabta Yarbawa sun cika rumfa, aka raba goro da alawa. Goron kuwa ɗanye shar, ba irin wanda ke isowa Kano bayan ya sha hanya ba.

Ba a yi asarar komai ba a gidan matar Yaya. Yatsa biyun da suka rage an shafa wa amarya. Tawul ɗina ta ƙwace shi, ta naɗe a leda ta huda, ta tura ƙasan akwatin kayan amaryar, wai ya fi turaren wuta kama tufafi. Kilishin na ɗanɗana, yaji a gaba, sandal a baya, na ajiye. Yara suka cinye tas.

Kwana uku na ƙara. Na ci burodin Agege da dafaffen wake mai baƙin yaji da safe, burodi mai nauyi da ake yagewa ba a yanka ba, na yarda ya fi namu. Amala kuwa na ci don kada a ce na raina, amma da dare tuwon shinkafa da miyar kukar Gwaggo na nema. Mun je kasuwar Mile 12, inda motocin gwari ke sauke tumatir da tattasai da albasar Arewa, na ji Hausar Kura da ta Sakkwato da ta Katsina a layi ɗaya. Ƙanen amarya ya yi alkawarin kai ni Marina in ga bakin ruwa da dogayen gine-gine, kullum sai a ce gobe, har ranar tafiya ta zo.

Saƙon komawa ya fi na zuwa. Man gashi da shamfu da mayukan shafawa da aka saro a kasuwar Trade Fair, kwalaben turare, da jarkar manja lita 5. Manjan na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai shiga akwatina ba, aka ba wani direban gwari da ke komawa Kano. Sauran kuwa saurayin nan ya zo da daddare ya zauna muka shirya tare. Kowace roba mai laushi ya buɗe ya matsa har man ya zo baki, ya rufe tana matse. Ya yanka leda ƙanana, ya shimfiɗa a bakin kowace kwalba kafin ya murɗa murfi a kai, ya zagaye da salatef. Masu famfo ya murɗa kan ya kulle ya ɗaure. Masu murfin ɗagawa ya ce su ne manyan maciya amana, ya yi musu salatef gicciye. Turaren fesawa ya duba girmansa, ya ce ƙa'ida kada ɗaya ya wuce mililita 500, jimillarsu kuma kada ta wuce lita 2. Kowanne da ledarsa, duka a wata babbar leda, a tsakiyar akwati, tsofaffin kaya kewaye, rigar kirki can nesa a tata ledar. Na ce masa ashe aikin Gwaggo ne. Bai gane ba, ban tsaya bayani ba.

A jirgin dawowa na shanye ruwana muna can sama, na rufe gorar tam na riƙe ta a hannu. Kafin mu taɓa ƙasa a Kano ta lanƙwashe kamar an taka ta. Tana kan teburina a makaranta yanzu, 'yan aji ɗaya sun ga abin da shekara da shekaru nake zana musu da alli. A gida uwargida ce ta zuge akwatin da kanta, ta zura hannu har ƙasa, ta fito da shi a bushe, ta dube ni ba ta ce komai ba.

Rigar ce dai ba ta koma fara ba. An wanke, an kai bugu, ƙyalli ya dawo, inuwar farantin tana nan a ƙirji. Wani abokin aikina ya ce in kai ta Ƙofar Mata a rina. Marinin ya ɗaga ta a rana, ya kai hanci, ya ce shuni mai duhu zai rufe tabon amma ƙamshin ba aikinsa ba ne. Da ƙanen amarya ya kira yana ba ni haƙurin rashin zuwa Marina, na ce ya bar damuwa, ni ban je ba amma rigata tana can kwana biyu ke nan. Ranar Juma'ar da ta wuce na sa ta, shuɗiya, mai guga ya bi ta da wuta da safe, zafin ya tayar da humrar. A sahu wanda ke hagu da ni ya fara waige.